Allin Buba da Tambaya ta Huɗu

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: a labarin nan ni ne wawan. Na sani, kun sani, marigayi Buba Mai Alli kuwa ya sani tun muna aji uku na firamare, inda ni da boko muka yi sallama cikin mutunci, kowa ya kama gabansa.

Duk wanda ya zauna a Madaki ya san Buba da guntun alli a bayan kunne. Shekara talatin yana foman a ma'aikatar ayyuka. Da ya yi ritaya an karɓe makullan sito, amma ba wanda ya tuna ya karɓe allin, sai ya ƙarasa aikin a kanmu. In kana da suna ko biki ko gyaran katanga, kada ka bari ya ji. Zai zo ya tsaya a bayan ƙyaurenka, ya ja layi uku, ya jefo maka tambayoyin nan nasa: "Wa zai yi? Yaushe? In ya fasa fa?"

Ni Babarbare, shi Bafulatani, saboda haka tsokanarsa farilla ce a kaina, kuma ban taɓa yin ramuwa ba.

Jajibirin sunan 'yata Falmata ya zo da allinsa.

"Wa zai riƙe rago?"

"Ni mana."

"In ya ƙwace fa?"

"A hannuna? Ni Modu? Kai Bafulatani, shanu ka sani, bar mana raguna."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya rubuta wani abu can ƙasan ƙyaure, ya tare da ƙafarsa. Da safe ana wasa wuƙa, ragon nan ya tunkuɗe ni cikin kwata ya yi waje. Ina ta salati, babbar rigata sharkaf, sai ga Yohanna birkila ya shigo riƙe da ƙahonsa. Ashe tun fitowa masallaci Buba ya tsayar da shi a bakin lungu.

Na ce, "Yaya aka yi ka san zai gudu?"

Ya ce, "Ragon ban san shi ba. Kai na sani."

Bikin 'yarsa ta fari kuwa, wallahi da idona na gani a ƙyaure: "Kukan amarya, bayan la'asar, minti goma sha biyar." Matarsa Hajiya Dudu ta riƙe baki ta ce, "Malam, in ta ƙara fa?" Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ta ƙarasa a mota."

To, sai maganar ginina na Tumfure. Ku daina murmushi, ina ganinku. Fili na saya a tsakiyar gonaki, na ce zan kwashe iyalina mu koma, mu sha iska kamar manya. Na fara da sayen kwanon rufi, don na same shi da araha. Sannan na sa ƙofar ƙarfe mai kyau, kafin katanga. Siminti kuma na jibge shi ana gab da damina, ya daskare ya zama kujerun zama, har yau a kansu nake karɓar baƙi. Na kai Buba ya gani don ya yaba. Ya zaga, ya zaga, ya tsinci ƙusoshi uku lanƙwasassu ya zuba a aljihu, ya je jikin bangon ɗakin da ya kai linta ya rubuta kalma ɗaya tak: "Yaushe?"

Ruwan sama ya wanke ta. Da kaka ta yi, mutumin nan da ba ya hawa keke sai yana da saƙo uku a hanya ɗaya, ya hau keke takanas tun daga Madaki har Tumfure, ya sake rubuta ta, ya dawo. Duk shekara! Sau goma sha ɗaya!

Ana nan Falmata ta girma, ta yi digirinta, ta samu aiki a wani kamfani mai haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka. Ran nan ta durƙusa gabana, mahaifiyarta Yagana tana gefe tana tsinar shinkafa.

"Baba, akwai wani satifiket da nake so in yi, na tafiyar da ayyuka. Furojet manaja ake cewa."

"Me yake yi, shi manajan?"

"Shi ke tsara aiki tun daga farko har ƙarshe. Wanda zai yi, lokacin da za a yi, abin da za a yi in an samu matsala."

Na yi dariya har hulata ta faɗi. "Wannan ai Buba ne! Buba ake ba wa satifiket yanzu?"

Ta bayyana mini cewa za a ba da jagorancin wani babban aiki a kamfaninsu, kuma in ba ta da takardar, daga waje za a kawo wani ya zauna a kanta. Darasi duk Asabar, wata shida, sannan jarrabawa. Ranar Juma'a ake rufe rajista. Kuma ta rantse ba za ta yi ba sai na sa albarka.

Asabar! Nan gizo... a'a, nan dai matsalar take. Don na riga na ƙudura cewa Asabar ɗin Falmata tawa ce, za ta riƙa raka ni Tumfure tana duba mini gini. Amma ban faɗi haka ba. Na gyara zama na ce takarda kan takarda ɓata lokaci ne, duk mai hankali ya iya tafiyar da aiki. "Tashi mu je wurin Bappanki Buba. Mutumin da ya gina rabin kwalbatocin garin nan ba shi da ko takardar allurar riga-kafi. Shi zai gaya miki."

Na tafi ina taƙama, na ɗauko babban lauya.

Muka same shi a zaure yana miƙar da tsofaffin ƙusoshi a kan dutse. Na zayyana ƙarata. Ya juya wurin Falmata.

"Wa zai yi karatun?"

"Ni, Bappa."

"Yaushe?"

"Asabar, takwas zuwa azahar."

"In kin faɗi fa?"

"Ana sake zama. Zan sake."

Ya gyaɗa kai. "To me za su koya miki da ya wuce ukun nan?"

Na ce, "Yauwa! Faɗa mata!"

Falmata ta sunkuyar da kai ta ce, "Na leƙa littafin, Bappa. Duk ukunka suna ciki. Amma su suna da ta huɗu, kuma ita suke fara yi."

Guduma ta tsaya a sama. "Ta huɗu?"

"Waɗanda za a yi wa aikin, an tambaye su?"

Buba ya ajiye gudumar a kan dutse. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, akwai wasu rumfunan kasuwa da ya taɓa ginawa a wani ƙauye. Ya gama kwana biyu kafin wa'adi, ko bulo ɗaya bai karkace ba. Mata masu sayar da nono suka zo suka duba, suka koma gindin tsamiyarsu. Ashe rumfunan rana suke fuskanta tun hantsi, nono ba ya kai azahar sai ya lalace. Har ya bar aiki awaki ne ke kwana a ciki.

"Shekara da shekaru ina cewa taurin kai ne irin na mutanen ƙauye," in ji shi. "Ashe tambaya ce ban yi ba."

Ya zaro allin daga kunne, ya karya biyu. Buba! Mutumin da ke tara garin alli a takarda! Ya miƙa mata rabi.

"Je ki yi rajista yau, kada ki jira Juma'a. Yara biyar aka kawo mini da takarda, na koya musu aiki, na koma ina ce musu ranka ya daɗe. Ke ki haɗa biyun, takarda da aiki. Kuma in an koya miki ta biyar, ki zo ki gaya mini."

Na ga shari'a tana kuɓucewa, na ce, "To Asabar ɗina fa? Ginina fa?"

"Au, ashe nan ne. Modu, Asabar nawa ce a shekara goma sha ɗaya? Duk me ka yi da su?"

A wurin na sa albarka. Da ƙaramar murya, amma na sa.

Buba bai ga sakamakon ba. Saura 'yan makonni jarrabawa ya kwanta, kwana huɗu Allah Ya karɓi abinsa. Da muka je, Hajiya Dudu ta juya mana ƙyauren ɗakinsa. Komai yana nan: masu wanka, masu haƙa, wanda zai yi salla, da wanda zai maye gurbin kowa in ya fasa. Na nemo sunana can ƙasa. "Modu: ya zauna. In ya ƙi, a ba shi buta ya riƙe." Na riƙe butar nan ina dariya, hawaye na zuba a ciki.

Falmata ta ci jarrabawa a zama ɗaya, aka ba ta aikin. Bayan damina na ce to, yanzu gida ya yi manaja, na ɗauke ta da mahaifiyarta muka tafi Tumfure. Bangon yana nan, amma fes. Ruwa ya wanke, kuma bana ba mai hawo keke. Na tsaya na kasa gaba. Falmata ta buɗe jaka, ta fito da rabin allin nan, ta rubuta "Yaushe?" daidai inda yake rubutawa.

Allah Ka jiƙan Buba. Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa tambayoyin can su zo masa da sauƙi, shi da ya gama rayuwarsa yana shirya wa mutane amsa. Mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.

Muka shafa. Na share fuska, na gyara hula, na ce, "To Manaja, bismilla. Wa zai yi, yaushe?"

Ta ce, "Tukuna, Baba." Ta juya wurin Yagana. "Mama, ke za a gina wa gidan. Kina son dawowa nan?"

"Ni? In bar Madaki, in bar 'yan'uwana da maƙwabtana, in zo in zauna da masara? Allah Ya kiyaye."

Na ce, "Yagana! Shekara goma sha biyu ina fama, ba ki taɓa faɗa ba?"

Ta gyara mayafi ta ce, "Ka taɓa tambaya? Kuma tunda kai ke ginin, ai hankalina kwance yake."