Ranar da Na Fito da Maijego Cikin Ruwa

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma wannan kam ina jin da shi za a kai ni makwanci. A daminar da aka rufe iyakar Nijar ne, lokacin da masu canjin sefa na nan Babura suka zauna suna korar ƙuda, shekarar nan dai da tun farkonta aka sha wahalar sabon kuɗi. A lokacin mai gidana, Allah ya jiƙansa, ya riga mu gidan gaskiya, kuma daminar da ta biyo bayan rasuwarsa ce ruwa ya kwantar da ɗakina na ƙasa, wanda aka kawo ni cikinsa ina amarya.

Jikoki biyu na riƙe tun suna ƙanana, namiji da ƙanwarsa. Namijin yana Kano yana aikin sa wa mutane wutar sola, shi ya tayar mini da sabon ɗaki: bulo da siminti, sama an rufe da silin, taga ta gilashi mai zamewa, ƙofar ƙarfe wadda in ka rufe ko sauro sai ya yi sallama. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Mata suka riƙa zuwa kallo, ni kuwa ina zaune kan kujera kamar matar hakimi.

Ni ban shiga aji ba, ban san alif na boko ba, amma a unguwarmu in mace ta haihu ni ake aika wa. Matan da na yi wa wankan jego, yau wasunsu da jikoki. Na san zafin ruwa da bayan hannuna, na san ganyen da ake tsomawa, na san kaurin kunun kanwa. Kuma ba wadda ta taɓa lalacewa a hannuna, ku je ku tambaya. Saboda haka da jikanyata ta yi ciki na fari, aka ce gida za ta dawo wanka, ban ga abin da wani zai koya mini ba.

Sai ga wan nata ya zo daga Kano da wani farin abu kamar marfin kwano, ya hau kan turmi ya ɗaure shi a silin. Na ce, "Kai angon ƙarya, wannan kuma fitilar ina ce da ba ta haske?"

Ya ce, "Amarya, hanci na sayo miki. Naki ya tsufa. In hayaƙi ya tashi, wannan zai yi ihu, kuma ya faɗa mini a waya ko ina Kano."

Na ce, "Ashe magulmaciya ka kawo mini ɗaki." Sunan da ya bi ta ke nan.

Ba mu yi nisa da ita ba. Ranar Juma'a na zuba turaren wuta a kasko na turara kayana, sai abu ya ɗauki kuka kamar ana yanka akuya. Kaji suka watse, maƙwabta suka shigo da bokitai, shi kuma ga shi yana kira daga Kano yana salati. Na ce ya zo ya cire abarsa, ɗakin da ba za a yi turare a ciki ba ai ba ɗakin mace ba ne.

Da ya zo ƙarshen mako bai yi gardama ba. Ya kwance ta ya mayar saman lungun da batiran sola da wayoyin wuta suke, ya ce can ne wurinta tun asali, shi ya yi gaggawa. Sannan ya fito da wata ƙarama, mai ɗan gilashi a fuska. Ya zauna a tabarma, wasa ya bar fuskarsa, ya ce, "Kaka, iri biyu ne. Waccan hayaƙi take ji. Wannan ba ruwanta da ɗan turaren da kike yi ƙofa a buɗe. Abin da take ji guba ce da gawayi yake fitarwa in yana ci a rufaffen ɗaki. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Barci take sawa."

Na ce, "Wutar da ba hayaƙi ai ita ce mai lafiya. Ita muke jira kafin mu shigar wa maijego."

Ya ce, "A tsohon ɗakinki, e. Iska tana shiga ta azara, ta ƙasan ƙofa, ta tagar da tsumma kawai kika cusa. Wannan da na gina miki kwalba ce."

Maganar ta tsaya mini a rai, ko da yake ban nuna masa ba. Na zuba masa ido yana zaɓen wuri. Bai sa ta kusa da taga ba, ya ce iskar waje za ta ruɗe ta. Bai ɓoye ta bayan labule ko sif ba. Ya kafa ta a bangon da ke kallon gado, daidai tsayin kan mutum, ya haɗa ta da ɗan akwatin intanet ɗin da ke cin wutar sola, ya danna mata ciki ta yi ƙara, wayarsa ma ta amsa daga aljihu. Ya ce in na taɓa jin wannan kukan, kada in tsaya neman dalili, in buɗe ko'ina in fitar da kowa. Ni ya gaya wa, ya gaya wa ƙanwarsa. Ba wanda ya tuna cewa gidan haihuwa gidan baƙi ne.

Yarinya ta sauka lafiya, ɗa namiji. Bayan suna dangin miji suka bar mana gwaggonsa daga Roni ta taya ni hidima. Mace ce mai kirki, mai zafin nama, ba ta zama. Ni dai yadda nake yi, in an gama wanka sai in kawo garwashi kaɗan a kasko, ƙofa a buɗe, maijego ta ji ɗumi, in fitar da shi kafin ta kwanta. Gwaggo tana gani tana cewa, "Yaya, wannan ɗumin naku na 'yan birni ne. Mu a wajenmu sai ɗaki ya yi kamar tanda." Mukan yi dariya a wuce.

Ranar da abin ya faru, an yi rasuwa a can ƙarshen gari, wata ƙawata ta ƙuruciya. Bayan azahar na ɗauki mayafi na tafi gaisuwa. Ina isa hadari ya haɗo, ruwa ya sauko da iska mai sanyi. Muna zaune cikin mata ana ta addu'a, sai 'yar wayar da nake ratayawa a wuya ta hau ƙara. Kunya ta kama ni, na danne ta. Ta sake. Na sake dannewa. Da ta ƙi yin shiru na koma gefe na ɗauka.

Jikana ne. Ba sallama, ba amarya, ba tsokana. Ya ce, "Kaka, kina ina?"

Na ce ina gidan makoki.

Ya ce, "Ta ɗakinki ta yi kuka. Ta daɗe tana yi, sai kuma ta yi shiru lokaci guda. Na kira ƙanwata ba ta ɗauka. Kaka, shirun nan ya fi ba ni tsoro. Don Allah ki tafi yanzu."

Ban yi wa kowa sallama ba, takalmina ma ƙafa ɗaya na samu. Ni da gwiwa ta hana ni hawa babur shekara da shekaru, na tare wani ɗan acaɓa da ya fake a rumfar mai shayi. Ya ce, "Hajiya, a bari ruwa ya tsagaita mana." Na ce, "Ɗan nan, in ka bari ya tsagaita, gawa biyu za ka taya ni ɗauka." Nan take ya tayar.

Na tarar da gwaggo a madafa tana dama kunu, hankalinta kwance. Ta ce, "Yaya, a cikin ruwan nan? Ai da kin zauna. Na ga sanyi ya sauko, na cika musu kasko da gawayi na tura ƙarƙashin gado, na rufe ko'ina. Sun samu barci mai daɗi. Wannan abin bangon ne ya so ya tashe su, na murɗe shi na cusa a buhun gero."

Na tura ƙofar ƙarfen nan. Wallahi ɗakin lafiya lau yake a ido. Ba hayaƙi ko kaɗan, sai ɗumi mai daɗi da ƙamshin man jariri. Hancin da nake taƙama da shi bai gaya mini komai ba. Yarinya tana kwance ta juya wa bango baya, jaririn yana gefenta. Da ba don kiran nan ba, da na ja musu ƙofa a hankali na koma na sha kunu.

Na kira ta, shiru. Na girgiza kafaɗarta, kanta ya tafi gefe kamar na kazar da aka yanka. Na ɗaga hannunta na saki, ya faɗi. Sai na ga ta yi amai a matashi ba ta ma sani ba. Na ɗauki jaririn, jikinsa ya saki, bai ko motsa baki ba. Nan take na ji nawa kan ya fara sarawa.

Na zuge tagogi, na banke ƙofa, na miƙa jaririn ga ɗan acaɓar da ya biyo ni ciki, na ce ya tsaya da shi a rumfa inda iska take kaɗawa. Na kama yarinya ta hammata zan ja. Gwaggo ta tare ƙofa da hannu biyu tana kuka, ta ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah! Ɗanyen jiki ne! Wa ya taɓa fito da maijego cikin ruwa? Sanyi zai shige ta, kumburi zai kama ta, me zan gaya wa mutanenmu?"

Abin da ta faɗa shi na yi rayuwata ina gaya wa mata. Da bakina na sha korar maijego daga bakin ƙofa don iska ta kaɗa. Amma a tsayen nan sai fuskoki suka dawo mini: wata matar mahauci a garinmu, wata amaryar shekara ɗaya a garin Gwiwa, waɗanda aka ce sun kwanta da ɗumi barci ya zarce da su. An ce iskoki ne, an ce jini ne ya hau, an ce kwana ne ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, amma ranar na gane ta ƙofar da ajalin ya shigo.

Na ce, "'Yar'uwa, sanyi yana da magani. Matsa, ko ki kama ƙafafun."

Allah ya saka mata, ta kama ƙafafun. Muka fito da ita tsakar gida, ruwa yana dukan mu, muka kwantar da ita a bakin rumfa a kan gefenta. Ina tofa mata duk addu'ar da na sani, ina kiran ta da sunan da nake tsokanar ta tun tana rarrafe. Maƙwabcinmu mai motar ɗaukar hatsi ya jiyo kururuwa ya kawo mota. Kafin mu sa ta ciki ta ja wani dogon numfashi, ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Kaka, kaina." Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Jaririn kuwa sai da muka hau titi ya saki wani siririn kuka kamar na ɗan kyanwa. Ɗan acaɓar nan, ƙato da shi, da ya biyo mu yana riƙe da shi, ya fashe da kuka shi ma.

A asibiti aka sa musu robar iska a hanci, aka riƙe su har suka dawo hayyacinsu. Likitar, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar jikanyata ba, ta tambayi wa ya fito da su. Aka nuna ni, ina tsaye da jiƙaƙƙen zane da takalmi ƙafa ɗaya. Ta ce, "Mama, da an ƙara jimawa, da wani zancen ake yi." Jikana ya iso daga Kano kafin magariba. Ya durƙusa a gabana, na dafa kansa kawai.

Gwaggo ta so ta tattara kayanta ta koma Roni don kunya. Na hana. Na ce ba mugunta ta yi ba, abin da uwarta ta koya mata ta yi, kuma da a ɗakin jinka ne da wataƙila abin bai kai haka ba. Ita da kanta ta tono abar daga buhun gero, ta goge ta da bakin zanenta, ta miƙa wa jikana ya mayar bango. Ta zauna har aka yi arba'in. Da za ta tafi ta ce ya samo mata irinta, don ɗanta ma ya yi mata ɗakin siminti.

Har yau ina yi wa mata wanka in jiki ya yarda, ban bar ruwan zafi ba, ban bar kunun kanwa ba. Amma duk gidan da na shiga, kafin in dubi maijego sai na dubi ɗakin: ina iska take shiga, ina take fita. Gawayi ba ya kwana ɗaki, ba ya wuni a rufe. Mai hali ya sayi abar nan ya kafa, kuma ya gaya wa duk baƙon da zai kwana gidan ma'anar kukanta. Iyayenmu ba su yi ƙarya ba, sai dai al'adarsu sun auna ta ne da ɗakinsu. Wanda ya sake ɗaki, to ya sake tambayar wutar da zai shigar ciki.

Cikin waɗanda suka ga ranar nan, gwaggo ta rasu bara da azumi, Allah ya haskaka kabarinta. Mai motar hatsi ma ya bi ta. Ɗan acaɓar yana nan, ya yi aure, ba ya wuce ƙofata bai gaishe ni ba. Jikana yana Kano, jikanyata tana ɗakin mijinta da wani cikin. Sai ni da Allah ya bari, da yaron da aka ɗauko jikinsa a sake, wanda yanzu haka yake tsakar gida yana korar mini kaji.