Saje Mika da Takardun Ƙosai

Duk wanda ya zauna Zuru a shekarun nan ya san rumfar Saje Mika, a kan hanyar Dabai. Ni Rahmatu mai ƙosai, shekara tara titi ne kawai tsakanin kaskona da rumfarsa, don haka ba ji na yi ba, gani na yi.

Tsohon soja ne, kamar rabin mazan ƙasar nan. Ya je Laberiya ya dawo yana jan ƙafa. A rikicin Kaduna na shekarar 2000 aka kashe ɗansa tilo, Godswill, yana karatu a can. Abin da ya iso gida akwatin ƙarfe ne cike da littattafai. Mun ɗauka mutumin zai faɗa wa burkutu. Ina! Sai ya kafa rumfa, ya jera littattafan a kan katako, ya shuka furanni a gwangwanayen madara da wata tsohuwar hular kwano. Kullum sai na yi masa tsiya, ƙato da gemu yana ba fure ruwa, abin da ko miya ba a yi da shi. Yakan yi dariya ya ce ai ya ga munin duniya ya ishe shi, yanzu kyau yake nema.

Aro yake bayarwa kyauta, ga mai zuwa coci, ga mai zuwa masallaci. Sharaɗinsa ɗaya, in ka dawo da littafi ka zauna ka gaya masa abin da ka gani a ciki. Guda ɗaya ne ba ya fita, wani labarin masunta da Hausa, wanda Godswill ya cika gefen shafukansa da jan biro, yana gardama da mutanen labarin. Yawan taɓawa har ya cire masa bango. 'Yata Rufaida ta yi wata uku tana naci kafin ya ba ta. A farkon daminar 2004 ke nan, lokacin da rediyo ba ya kawo komai sai kashe-kashen Filato da Kano, maƙwabta suna gaisawa sama-sama.

To, a gidanmu takarda iri biyu ce. Mai rubutun Larabci tana rataye a sama, ba a wasa da ita. Ta boko kuwa, in dai ba ta da bango, ta ƙosai ce. Ni kuma lokacin ko sunana ban iya karantawa ba. Da safe na ga takardu a kan tabarma, na kwashe abina. Kafin hantsi na ƙunshe ƙosai da talatin daga ciki.

Da Rufaida ta dawo daga makaranta ta ga abin da ya rage na littafin Saje, sai ta fashe da kuka. Rubutun mamaci ne na yayyaga. Ga shi kuma a irin wannan lokaci, a ce Musulma ta keta littafin Kirista, kafin maganar ta kai kasuwa an mai da shi littafin addini. Maigidana ya ce a ce ɓata ya yi. Na ce Allah ya kiyaye, na yafa gyale na tsallaka titi na gaya wa Saje gaskiya.

Wallahi da ma zagina ya yi. Ya ajiye butar ban-ruwa, ya zauna.

"Maman Rufaida, muryarsa ke nan da ta rage mini," ya ce.

Ni dai na san masu sayen ƙosaina ɗaya bayan ɗaya, sai na bi su gida-gida. Wata takardar akuya ta cinye, wata an hura wuta da ita. Amma mutanen Zuru ba sa riƙe takarda su ƙi leƙawa. Malam Lawwali tela ya adana tasa, wai jan biron ya ba shi dariya. Mama Keziah mai sharar coci ta karanta tata sau biyu, tana son jin ko kwalekwalen ya nutse. Suka ƙi ba ni, kowa ya ce da kansa zai kai.

Da la'asar mutum goma sha tara suka taru a rumfar, kowa da takarda sharkaf da mai. Saje ya dube su. Sai halinsa na soja ya motsa, ya jera su sahu bisa lambar shafi, tela kusa da mai sharar coci, ya ce kowa ya karanta nasa har da jan biron. Inda shafi ya ɓata, shi ya cike da ka. Da aka zo kan Malam Lawwali, ya karanta abin da yaron ya rubuta a gefe: "Baba zai so wannan wurin." Saje ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ni dai na yi kuka, ban ɓoye ba.

"Shekara huɗu ina karanta shi ni kaɗai," ya ce. "Yau ne na ji shi yana magana."

Sannan ya juyo ya ce in riƙa zuwa bayan na sauke kasko, ya koya mini karatu kafin in ƙarasa masa sauran littattafan a ƙunshin ƙosai. Na je kuwa, wata bakwai. Layin farko da na karanta da kaina shi ne na jan biron nan, takardar tana ƙanshin man gyaɗata.