Mai Tawul Uku a Tashar Tamale

Sanatu tana zuba koko a tashar Tamale, ruwan asuba ya bar sanyi, kowa ya takure. Sai ga wani mutum yana murza keken guragu da hannu, cikin sabuwar rigar saƙi, gumi na tsiyaya daga goshinsa har wuya kamar an kwara masa bokiti. Tawul uku ne ɗaure a jikin keken. Ƙirjinsa faffaɗa, ƙafafun sirara, ga tsohon tabon ƙunar salansar babur a ƙwauri. Wannan mai babur ne a da, in ji zuciyarta, hatsari ya taɓa masa laka.

Ta yar da ludayi, ta ruga da mafici. "Wayyo Yaya, zazzaɓi ne! A kira mota!"

"Je ki fifita kokonki," ya ce yana dariya, idanunsa jajir. "Ƙafata ce ke kirana. Tunda ba na jin ta, da gumi take aiko saƙo. In na yi sanya, jini ya hau, sai asibiti."

Ya sassauta bel, ya shafa cinya, ya ɗago ƙafar hagu da hannu biyu, ya zare takalmi ya zazzage. Tsakuwa guda ta faɗo, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba.

"Ga ɓarauniyar!" Ya ɗaga ta sama, tasha ta ɗauki sowa.

Sanatu na tsaye baki buɗe, goshin nan yana bushewa a gaban idonta. Ya danƙa mata tsakuwar.

"Riƙe tsaraba, ƙanwata. Yanzu kam sanyi nake ji. Zubo koko, mai zafi!"