Baƙaƙen 'Ya'yan Jan Kifin Aga Yadulla

A unguwarmu ta tsohon garin Yazd, da an ambaci Aga Yadulla mai gyaran agogo sai a fara murmushi, wai mutumin da ke yi wa kifi sallama. To, sai me? Akwai waɗanda ko maƙwabcinsu ba sa yi wa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a ɗan shagonsa na kasuwa da gilashin ƙara girma maƙale a idon dama, har idon ya saba da ƙanƙancewa ko babu gilashin. Da agogon batir ya cika gari sai ya rufe shago, ya dawo ya tare a bakin kwamin ruwan tsakar gida, ya zame wa matarsa Shamsi Hanum abin tuntuɓe.

Kamar kowa, duk Nauruz, bikin sabuwar shekararmu, yakan sayo jajayen kifi biyu a kwanon gilashi don ƙawata shimfiɗar bikin. Sai dai idan kwana goma sha uku suka cika ba ya juye su a kwata yadda wasu marasa kunya ke yi. A kwami yake sakinsu. Kyanwa ta ci wasu, sanyi ya kashe wasu, shida suka rage, manya-manya, kowanne da sunansa. Amma ko sau ɗaya ba a taɓa ganin ɗansu ba, don Shamsi Hanum ba ta barin ruwan ya huta. Duk shekara sai ta kira Mash Gurban mai kwasar ruwa ya kwashe shi da bokiti, a kankare bango, a shafa shuɗin fenti.

Bana ciwon baya ya kwantar da Mash Gurban. Ruwa ya yi kore shar, gansakuka ta yi wa bangon kwami gemu. Wata safiya Aga Yadulla ya durƙusa zai wanke hannu, sai ya tsaya cak. Ya koma ɗaki ya ɗauko gilashinsa.

"Hanum! Zo ki ga ikon Allah!"

"Kullum ina ganinsa. Ya ba ni miji, ya hana shi sana'a. Mene ne?"

"Mun samu ƙaruwa."

Ta zo da wuƙar yankan ganye a hannu, ta leƙa. "Tsutsar sauro ce."

"Tsutsar sauro a kife take rataye, kai ƙasa, tana mutsul-mutsul. Wannan a miƙe yake iyo."

"To talibambam ne."

"A Yazd? Yaushe rabonki da ganin kwaɗo a garin nan? Talibambam kai ne zalla da wutsiya. Wannan kamar gashin ido yake, an ɗora masa ido biyu. Karɓi gilashi ki gani."

"Ba na son gilashinka. Aga Yadulla, jan kifi ja yake haifa. Waɗannan baƙaƙe ne."

"Ai Bahram ma ranar da kika haife shi..."

"Kul! Kada ka sako min ɗa a cikin ƙwarinka."

Shi ke da gaskiya. Ɗan jan kifi da duhu yake zuwa, sai ya yi watanni kafin ja ya fito. Amma wa ya sani? Dukkanmu jajaye muke saye a bakin titi, ba mu taɓa tambayar daga ina ba.

Gardamar ba ta yi nisa ba, don Shamsi Hanum ta riga ta yanke. Iyayen matar Bahram za su zo daga Tehran ranar Juma'a, kuma ba za a ce mutanen birni sun tarar da ruwa kore a gidanta ba. Mash Gurban ya miƙe, Laraba zai zo. Kowa kuwa ya san inda ruwan kwami ke zuwa: gindin rumman.

Aga Yadulla ya sace matatar shayi. Kwana biyu ya yi rub da ciki a bakin kwami, yana kamo su ɗaya-ɗaya da hannun nan da ya saba da ƙusar agogo. Babu abin da zai ɗauke su a gidan sai babbar tukunyar tagulla ta shinkafar baƙi. Ya cika ta da koren ruwan, ya zuba gansakuka, ya ajiye a inuwa. Arba'in da uku ya ƙirga.

"Juma'a da safe ina son tukunyata," in ji Shamsi Hanum.

"Fenti sai ya yi mako kafin a mai da kifi, Hanum. Warinsa zai kashe su."

"Juma'a da safe, Aga."

Laraba Mash Gurban ya zo yana dafe da ƙugu. Aka kwashe manyan shida aka sa a bahon wanki. Aga Yadulla ya dubi baho, ya dubi tukunya, tausayi ya kama shi. A garinmu ba a raba jariri da uwa kafin arba'in. Ko ƙofar gida mai jego ba ta leƙawa.

"Mash Gurban, wannan daidai ne? 'Ya'ya can, uwa nan?"

"Zunubi ne, Aga. Ni ko kyanwa ba na yi wa haka."

Ya zaɓo mafi ƙibarsu, wadda yake kira Bibi Zari, don ya tabbata ita ce uwar. Ya sa ta a tukunya a hankali, ya yi mata barka, ya tafi sallar azahar zuciyarsa fes.

Shamsi Hanum ce ta zo wucewa da kwandon shanya. Ba don kifi ta leƙa ba, tukunyarta ta leƙa ko ta yi tabo. Sai ta ga Bibi Zari na zagaye a natse, tana buɗe baki tana rufewa, duk buɗewa kuwa ɗaya ya tafi. Ta yar da kwando. Da ludayin miya ta kwaso ta, ta watsa a baho, tana zaginta da kalmomin da bai kamata Mash Gurban ya ji ba.

Da Aga Yadulla ya dawo ya tarar da ita tsugune, gilashinsa a idonta.

"Goma sha ɗaya," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Mai jegonka ta yi kalaci."

Ya zauna a kan dakali. Tun da ya rufe shago ba ta ga kafaɗunsa sun sauka haka ba.

"Kai da ka san yadda sauro ke rataya, ba ka san kifi na cin ɗansa ba?"

"Uwa ce, Hanum."

"Uwa! Ka ma tabbata mace ce?"

Bai tabbata ba.

Ta miƙe ta shiga kicin. Can ta fito da dafaffen ƙwai, ta gutsuro gwaiduwa kamar kan allura, ta murza a ruwa da ɗan yatsa, ta ɗiga a tukunya. Su goma sha ɗayan suka taru. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta yafa mayafinta ta nufi ƙofa.

"Ina za ki da tsakar rana, Hanum?"

"Gidan maƙwabciya Talat Hanum, aron tukunya."

"Shekara biyu ba ku magana."

"Na sani. Za ta sa ni shan shayi, ta ba ni labarin ƙodarta daga farko. Duk kai ka ja min." Ta juyo daga bakin ƙofa. "Ka zauna nan ka kori kyanwa. Kuma kada ka sake sa musu kowa, ko ubansu ne ya zo da kuka."