Gonar da Kowa Ya Ƙi Tayawa

Shekarun baya can, lokacin ina ɗan malamin firamare a Tambuwal, ina ganin duk zuriyarmu babu wanda ya kai ni dabara, Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa a ƙauyenmu da ke bayan Kebbe. Bayan kaka ne, an gama ɗaure gero an kai rumbu. Jinyar ma ba ta daɗe ba.

Duk wanda ya saba zuwa jana'iza a wajenmu ya san abin da liman kan yi kafin ya tayar da salla. Yakan juyo ya tambayi jama'a ko akwai mai bin mamaci bashi, sannan ya tambayi wanda zai ɗauki nauyin abin da zai bayyana daga baya. Galibi babban ɗa ne ke amsawa, don a samu a sallaci gawa a kai ta makwancinta. Ran nan yayana, wanda shi ne babba kuma shi ke noma tare da mahaifinmu, ya ɗaga murya ya ce, "Na ɗauka. Duk mai bin shi, ni shika bi." Aka ce madalla, aka yi salla. Ni ma na ce madalla, don a zatona bashin bai wuce na mai shago da na mai gyaran keke ba.

Bayan sadakar arba'in sai ga wani dillalin albasa daga Tambuwal, da shaidunsa. Ashe mahaifinmu ya karɓi injin ban ruwa da taki da iri a hannunsa, ya kama hayar fadama ya yi albasa shekara biyu. Ta farko ruwa ya cinye, ta biyu kasuwa ta faɗi har albasar ta ruɓe a ajiye. Mutumin bai yi mana rashin mutunci ba. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, ya ce shi ma kayan mutane ne kuma sun matsa masa. Muka sayar da injin da shanun huɗa, abin bai kai ko rabi ba.

Ba a raba gado sai an biya bashi, wannan kowa ya sani. Magana ta je kotu, kuma da yake ba mu musa ba, ba a ja ta da nisa ba. Alƙali ya sa aka yi wa babbar gonarmu ƙima, ya ce a yi gwanjonta a biya mai albasa, abin da ya rage a raba mana. Gonar tudu ce a bakin hanya, da manyan gawo biyu a tsakiya. Daga ita tuwon gidanmu ke fitowa, kuma ita kaɗai yayana ya dogara da ita, shi da iyalinsa.

Ranar gwanjon farko ma'aikacin kotu ya zo a kan babur, da 'yar ƙararrawarsa. Ya tsaya a inuwar gawo, mazan gari suka taru suka tsuguna. Ya kaɗa ƙararrawa, ya faɗi iyakokin gona, ya ce a taya. Shiru. Ya sake kaɗawa, shiru. Wani na sakace, wani na duban tafin hannunsa kamar yau ya fara ganinsa.

Ga wanda bai san mu ba, a wajenmu babban abin kunya ne mutum ya taya gonar maƙwabcinsa a gwanjo, balle gonar mamaci, 'ya'yansa na tsaye suna kallo. Ba wanda ya tara mutane ya ce kada a taya, kowa dai ya san ba a yi. Akwai wani baƙo da ya zo daga Dogon Daji da niyyar saye. Ya dubi fuskokin mutane, wani dattijo ya matsa kusa da shi ya tambaye shi cikin ladabi ta wace gona yake shirin bi da amalankensa idan ya saya. Bai daɗe ba ya hau babur ɗinsa. Ma'aikacin kotu ya kaɗa ƙararrawa har hannunsa ya gaji, ya ce an ɗaga.

Nan fa dabarata ta motsa. Na lissafa cewa idan muka ja abin har ruwan farko ya sauka, yayana ya yi shuka, to ba za a sayar da gona da amfanin wani a tsaye ba sai bayan kaka. Kafin nan mai albasa ya gaji, ya yarda in riƙa tsakura masa daga albashina. Albashin da ko tsakiyar wata ba ya kai ni. Na sayi goro na bi dattawan gari gida gida ina godiya, ina tafiya ina jin kaina kamar lauya.

Mahaifiyata tana cikin takaba, ba ta fita ko ƙofar gida. Da na shiga ɗakinta ran nan ta ɗago ta ce, "An saye?" Na ce, bakina har kunne, "Ba wanda ya taya, Inna!" Ta ce, "To." Na ɗauka farin ciki ne ya hana ta magana. Gwanjo na biyu ma haka aka watse, na sake kai mata albishir, ta sake cewa to.

Ƙanwata, wadda ta dawo gida don ta zauna da ita, ita ce ta tare ni a tsakar gida ta ce in daina wannan washe baki in dubi Inna da kyau. Ta ce kwanon abinci yadda aka kai shi haka ake ɗauko shi, sai dai ta kurɓi ruwan fura. Na koma ɗakin na duba, na ga zanen da ke jikinta ya yi mata yawa.

Inna ta ce, "Zamna. Murnar mi kaka yi?"

Na zauna na warware mata shirina tun daga ruwan farko har zuwa albashi. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Shekara nawa ke nan?" Na yi 'yan kame-kame, na ce da yardar Allah ba za a daɗe ba.

Ta ce, "Ku kuna da lokaci, shi ba shi da. Tun ina yarinya nika jin malamai na faɗin wanda yam mutu da bashi rataye shike har a biya. Ku kun ci, kun sha, kun yi kwana. Ni in na ɗauki loma sai in tuna shina can shina jira."

Na ce ai yaya ya ɗauka a gaban jama'a.

"Da baki yaɗ ɗauka. Mai albasa ya ce an biya shi? Ya ce ya yafe? Ni dai ba ni fita takaba babanku na rataye."

Sai na jawo abin da nake ganin zai karya ta. Na ce, "Inna, yaya fa? Ina zai yi noma? Mi yaransa za su ci?" Na ga idonta ya kawo ruwa. Can ta ce, "Shi ƙafa biyu gare shi da hannu biyu, shina iya tashi shi nema. Babanku ko juyawa ba shi iyawa." Na tashi na fita.

Washegari ta aike ni in kira mata maƙwabcin gonarmu. Dattijo ne mai shanu, abokin mahaifinmu tun suna yara. Duk damina sai sun yi cacar baki a kan gambar da ke iyakar gonakinsu, da azahar kuma ka same su a inuwa ɗaya suna shan fura a ƙwarya ɗaya. A garin shi kaɗai ke da ƙarfin sayen gonar, kuma shi ya fi kowa sunkuyar da kai a ranakun gwanjo. Ya zo ya zauna a zaure, ni da yayana muna gefe, ita kuma ta tsaya daga ciki, bayan ƙyaure.

Bayan an gaisa ta ce, "Malam, alfarma nika roƙo. Ran gwanjo ka taya wagga gona."

Ya zabura ya ce, "Subhanallahi! Ni? Da wane ido za ni duban yaran ga? Mi mutane za su ce?"

Ta ce, "Su ce abin da sunka ga dama. Ku duka kunyar ɗiyanai kuka ji, ba mai jin tausayinai. Kai aƙalla abokinka na. Kuma kada ka rage don ka ga mun matsu, kada ka ƙara don ka ji tausayinmu. Abin da anka ce ta kai, shi za ka ba da."

Dattijon ya daɗe yana murza carbinsa. Ya tashi ya sa takalmi ya ce Allah ya sa mu dace, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Yayana kuwa tun da aka fara maganar yake tonon ƙasa da tsinke, bai ɗago ba.

Gwanjo na uku ya faɗo cikin bazara, ana zafi kamar a gasa mutum, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Ba zan ɓoye muku ba, ina tsaye a gonar nan ina satar kallon sama, ina cewa a raina da ma ya sako yanzu. Ma'aikacin kotu ya kaɗa ƙararrawa, ya faɗi iyakoki, ya ce a taya. Shiru kamar kullum. Na dubi dattijon, na ga bakinsa na motsi amma magana ta ƙi fita. Ma'aikacin ya kaɗa ta biyu, ya fara naɗe takardunsa.

Sai yayana ya tashi daga inda yake, ya ratsa ta tsakiyar mutane, ya durƙusa a gaban dattijon. Ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Baba, taya. Ni nic ce na ɗauka, kuma ba ni da abin biya sai wagga."

Dattijon ya taya, murya ƙasa ƙasa, har sai da ma'aikacin kotu ya sa ya maimaita. Daidai ƙimar da aka yi mata ya faɗa. Ba wanda ya ƙara. Aka kaɗa ƙararrawa aka ce an sallama. Na ji wani ya yi tsaki daga baya, mutane suka miƙe suna kaɗe riguna, ba wanda ya yi wa dattijon sallama.

Dattijon ya kai shanunsa kasuwa, bayan 'yan kwanaki muka haɗu a gaban alƙali. Aka miƙa wa mai albasa haƙƙinsa, alƙali ya tambaye shi ko an biya shi. Ya ce, "An biya ni. Ba ni bin shi komi, duniya da lahira." Abin da ya rage aka raba mana. Nawa rabon, da na gyara babur ɗina na sayi buhun masara, shi ke nan ya tafi.

Da na koma gida, kafin in tuɓe takalmi Inna ta ce, "Mi yac ce? Faɗa min yadda yaf faɗa." Na maimaita mata. Ta ce in sake, na sake. Ta shafa fuska da hannu biyu ta ce, "Alhamdu lillahi. Yau ya kwanta." Sannan ta ƙwala wa ƙanwata kira ta tambaya ko akwai sauran tuwo. Ina zaune ta cinye, har ta ce a ƙaro miya.

A makon nan ruwan farko ya sauka. Gari ya fita shuka, yayana na tsaye a bakin zaure yana kallon masu wucewa da sungumi a kafaɗa. Wannan hoton bai taɓa barin idona ba. Ya yi noman aro a wata 'yar gona a daminar, daga baya ya yi shekaru yana tafiya cin rani kudu, ya sha wuya ba kaɗan ba kafin ya sake mallakar tasa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, amma kuma ban taɓa ganin ya bi ta hanyar tsohuwar gonar ba, ya gwammace ya yi zagaye. Dattijon shi ma ya sha kallon banza a masallaci na wani lokaci, bai kare kansa ba, sai da mata suka fitar da labarin abin da aka yi a zaure sannan aka dawo ana ba shi hannu.

Yanzu duk ya wuce. Mahaifiyata ta rasu, dattijon ma haka, 'ya'yansa ke noma gonar, gawon nan biyu suna nan. Idan na tuna, ba na ganin laifin mutanen garinmu. Mutunci suka yi mana iyakar saninsu, ni kuma na bi su da goro ina godiya. Mu duka muna duban waɗanda ke tsaye a gona ne, ita kaɗai ke duban wanda ke kwance. Har yau ban iya cewa a ce ni ne a matsayinta zan iya zaɓar abin da ta zaɓa ba.

Abin da ya rage mini shi ne, duk jana'izar da na je, idan liman ya juyo ya yi tambayar nan, wani ya ɗaga murya ya ce ya ɗauka, ba na saurin cewa madalla. Hankalina kan tafi cikin gida, wurin wadda ba ta fito ba, ba ta ji tambayar ba, amma ita za ta kasa cin tuwo.