Fiyanon da Kawu Ilu Ya Zaɓa Mini a Maigatari

Ranar wata Alhamis ce, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, a damunar da nake aji shida na firamare. Na dawo daga sayen furar da Kawu Ilu ya aike ni, ƙoƙo a hannu ina tafe a hankali kada ta zube, sai na tarar da shi tsaye a bakin rumfar kayan gwanjo ya turo hula gaba yana murmushi. Mai rumfar kuwa ya durƙusa yana naɗe wani ƙaton fiyano cikin buhu biyu da aka farke aka haɗe, domin buhu ɗaya ya kasa rufe shi. Na dubi kan tebur. Ƙaramin fiyanon nan mai cin batir, wanda saboda irinsa na rabu da akuyata da safiyar ranar, yana nan inda na bar shi, ko taɓa shi ba a yi ba. Kawu ya karɓi furar ya kurɓa, ya goge baki, ya ce, "Kai yaro, ka yi sa'ar kawu." Shekaru sun fi ashirin yanzu, amma wallahi duk sanda na tuna sai na ji haushin ya dawo mini sabo fil.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gagarawa da Gumel, kuma a wancan lokacin ko turken lantarki ɗaya babu a cikinsa. Kiɗan fiyano a rediyo kawai muke jin sa, har sai da aka turo makarantarmu wani ɗan bautar ƙasa, Bayarabe siriri mai suna Malam Razaki, wanda Hausarsa ke tafiya a karkace amma haƙurinsa ya fi na kowa. Ya zo da wani ɗan fiyano da bai wuce tsawon hannu ba. Idan an tashi daga makaranta sai ya fito da shi gindin darbejiya, mu yi layi kusan mu talatin, kowa ya danna ya ji daɗi. Yawancin yara sati biyu suka yi suka koma langa da ƙwallon tsumma. Ni kam abin ya shige ni. Na samo kwalin sabulu na zana maɓallan da gawayi, ina tafe da shi gonar riɗi a cikin riga. In na je yankan ciyawa ina dannawa, in ina jiran layi a rijiya ina dannawa a bakin guga, in an zuba tuwo ina dannawa a murfin kwano har sai Inna, mahaifiyata, ta ɗauke mini hannu da muciya. Kafin a yi shuka hannuna na dama ya iya waƙar faretin makarantarmu daga farko har ƙarshe. Malam Razaki ya ce saura hannun hagu, kuma shi ne mai wuyar.

Ruwan farko na shekarar ne ya yi mana ta'asa. Ɗakin da aka ba Malam yana yoyo, shi kuma ya tafi Gumel, ruwa ya yini yana zuba a kan fiyanon, daga ranar bai ƙara cewa uffan ba. Malam ya kira ni ya ce wata uku ya rage masa ya koma garinsu, kuma ba shi da halin sayen wani. In na samo nawa, zai zauna da ni kullum bayan la'asar har hannun hagun ya zauna kafin ya tafi. Abin da na mallaka a duniya kuwa akuya ce guda, ja mai farin goshi, wadda kakata ta ba ni da aka yi mini kaciya. Inna ta yi faɗa har ta gaji. "Akuya dai tana haihuwa," in ji ta, "shi wannan abin me zai haifa maka?" Baba bai ɗago daga gyaran fartanyarsa ba, ya ce akuyata ce, in yi yadda na ga dama, amma ba zan shiga Maigatari ni kaɗai ba, sai da Kawu Ilu. Malam ya rubuta mini takarda: in nemi ƙarami wanda zan iya ɗauka da hannu ɗaya, lallai ya zama mai cin batir tunda ba mu da wuta, kuma kada in biya sai na danna kowane maɓalli na ji ya yi ƙara.

Kawu Ilu yayan Inna ne, kuma dillali ne a kara, wato ɓangaren dabbobi na kasuwa. Shekara talatin yana wannan sana'a. Mutum ne da zai dubi sa daga nesa ya gaya maka abin da ya ci jiya, kuma a ganinsa duk abin da ake saye da sayarwa a duniya, daga allura har mota, dabba ce da ba ta da wutsiya. Na miƙa masa takardar Malam a cikin mota, ya juya ta sama da ƙasa, da yake ba ya karanta boko, ya ninke ta ya cusa a cikin hula. Sannan ya soma yi mini karatu. "In mun shiga rumfa, bakinka a rufe. Wanda kake so kuma kada ka kuskura ka kalle shi. Mai kaya idonka yake kallo. Ya gane kana so, shi ke nan, ya yanka mu." Ya maimaita wannan ya fi sau biyar kafin mu wuce Gumel, akuyar tana kwance a kan ƙafafuna tana cin bakin wandona. A kara bai ɓata lokaci ba, ya sayar da ita da daraja, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Da aka ja ta aka tafi na juya baya na share ido da hannun riga, na ce ƙura ce.

Mai rumfar gwanjon wani Badamagare ne mai yawan fara'a, ya tara rediyoyi da agoguna da dutsen guga, a gefe kuma fiyano uku. Ɗaya na wasan jarirai ne, mai hoton agwagwa. Ɗaya ƙato ne baƙi, ya kusa tsawon ƙyauren ɗaki, da fitilu da maɓallai kamar gaban babbar mota. Na tsakiyar, ina ganinsa gabana ya faɗi. Kusan irin na Malam ne sak, fari-fari, da ɗan murfin batir a bayansa. Nan take na tuna karatun Kawu, na kawar da kai kamar na ga surukata. Sai wayo ya zo mini, irin wayon ɗan shekara goma sha biyu: tunda an ce kada in kalli wanda nake so, bari in kalli wanda ba na so, in ruɗa Badamagaren. Na je na tsaya a kan ƙaton nan, na shafa shi, na leƙa ƙarƙashinsa, na buɗe baki ina girgiza kai. Har ajiyar zuciya na yi! A raina ina cewa yau Kawu zai san ya samu magaji.

Shi kuwa Kawu ya shiga aikinsa. Ya ɗaga ƙaramin da yatsu uku ya ajiye yana taɓe baki, ya ce wannan ai iska ce a ciki. Ya rungumi ƙaton ya ɗaga da ƙyar, ya ƙwanƙwasa cikinsa ya kasa kunne, ya bi jerin maɓallan da babban yatsa yadda yake duba bakin rago. Mai rumfa ya tayar da ɗan injinsa ya jona, ya danna wani jan maɓalli, sai ga fiyano yana kiɗa shi kaɗai, da ganguna da algaita da komai, mutane suka fara taruwa. Kawu ya haɗe rai ya ce ƙarar ba ta da daɗi, kuma ga tabo a gefe. Na ji sanyi a raina, na ce lallai shi ma wasan yake yi, yanzu zai juya kan ƙaramin kamar da wasa. A nan ne ya ce in je in sayo masa fura, domin a wajensa yaro ba ya tsayawa inda manya ke yanke farashi. Na tafi da murnata har ina tsalle.

Sai a mota, fiyanon yana kwance a kan cinyoyin mutum huɗu suna ta tsaki, ya yi mini bayani. "Na ga yadda kake shafa shi," ya ce. "Na hana ka kallo, amma ina! Yaro ba ya iya ɓoye abin da yake so." Kuɗin akuyar ma bai kai ba, sai da ya zuba la'adarsa ta ranar gaba ɗaya ya cika. Yana faɗa yana dubana, yana jira ya ga haƙorana. To, don Allah me zan ce? Mutumin da ko goro ba ya saya wa kansa sai an ba shi, ya juye aljihunsa saboda ni. Na ce na gode, Allah ya ƙara girma. Muna isa gida na kwance buhun na kifa fiyanon, na duba gaba, na duba baya, na duba gefe. Babu wurin batir. Wata baƙar waya ce kawai ta fito daga bayansa.

Malam Razaki da ya gani sai ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ce in mayar ranar Alhamis mai zuwa a canza mini. Na je zauren Kawu na durƙusa, na yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar na iya cewa Malam ya ce ba ya cin batir. "Batir kuma? Wannan ai na manya ne, me zai yi da batir?" Da na ambaci mayarwa sai ya ajiye butar da ke hannunsa. Ya ce an yi sallama, an sa albarka a gaban mutane, kuma tunda yake a kara bai taɓa mayar da ciniki ba, ba kuwa zai fara a kan kayan kiɗa ba, a riƙa nuna shi da baki ana dariya a Maigatari. Maganar da ya kamata in faɗa, cewa ni tun farko ƙaramin nake so, tana bakina, amma ta ƙi fita. Na tashi na tafi bayan rumbu na yi ta dukan ƙasa da sanda.

Wutar da ta fi kusa da mu tana Gagarawa Tasha, a wani gidan kallon ƙwallo da ake tayar wa inji ranar Asabar da rana. Malam ya roƙi mai gidan, ya yarda mu jona, amma sai lokacin hutun rabin lokaci kawai. Haka muke ɗora wannan ƙato a amalanken Baba, shanu na jan mu, ni da Malam muna riƙe da shi kamar mun ɗauko mara lafiya. Bakin wayar ma irin na ƙetaren iyaka ne, bai shiga soket ɗinmu ba, sai da aka yanke shi aka cusa wayoyin da tsinken ashana. Minti goma sha biyar! A cikinsu samari na musu a kan alƙalin wasa, wani na ihu a kashe mana wannan abin, wani na miƙo hannu ta kan kafaɗata ya danna jan maɓallin don a ji ganguna. Malam na cewa in sa ɗan yatsa a nan, ni ko abin da nake dannawa ba na ji. Ga shi damuna ce, amalanke da shanu suna da aikinsu, wani satin Baba ya ce ba hali. A wata ukun nan sau biyar muka je. Sauran kwanakin ina zaune a ɗakin Inna ina danna maɓallan da ba sa magana, ban san daidai nake yi ko kuskure ba, har Inna ta ga abin yana da faɗi ta fara shanya kuɓewa a kansa.

Ranar da Malam Razaki zai tafi na raka shi bakin titi da jakarsa a kaina. Ya ce in yi haƙuri, in na girma zan samu wanda zai ƙarasa mini. Ban samu ba. Na wuce sakandare a Gumel, aka shiga neman abinci, aka yi aure. Fiyanon kuwa ya zauna a ɗakin Inna har ɓeraye suka gama da cikinsa, Kawu kuma duk baƙon da ya zo sai ya kai shi ya ɗaga zanen da aka rufe shi da shi ya nuna masa.

Sai da na haifi 'ya'ya uku sannan na gaya wa Kawu gaskiyar abin da ya faru. Ya tsufa a lokacin, ya daina zuwa kara, idonsa ya yi rauni. Muna zaune a zaure da hantsi ana hirar da, na ga abin ya zama tarihi, sai na ba shi labarin wayon da na yi wa Badamagare, ina dariya. Ya ce, "To kai ba sai ka taka mini ƙafa ba? Ai haka ake yi." Na ce haba Kawu, yaushe ka gaya mini haka ake yi? Daga ƙauyenmu har Maigatari kana yi mini karatu, wannan ɗaya ce ka manta! Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Ya daɗe yana murza carbinsa, sannan ya ce a hankali, "Ni kuwa duk shekarun nan ina cewa ranar na faranta maka."

Yanzu ƙauyenmu kusan kowane rufi da farantin sola a kansa, yara suna koyon kiɗa a waya suna kwance a tabarma, babu mai ɗaura wa shanu amalanke don ya ji ƙarar maɓalli. Ni ma ina da ɗan fiyanona a gida, na zaɓe shi da kaina, na nuna shi da yatsa a gaban mai shago, ya tsuga mini kuɗi na biya. In na zauna da yamma hannun dama ne ke yawo a kai, na hagun yana kan gwiwa. Wannan ya daina damuna sosai. Kawu Ilu ya rasu damunar da ta biyo bayan hirar nan tamu, kuma Inna ta ce tun daga ranar bai ƙara ba kowa labarin cinikin Maigatari ba. Shekara ashirin na iya riƙe bakina, da ma na ƙara ɗaya.