Kada-Ka-Motsa a Gaɓar Kogi

Shekara talatin da biyu ya yi yana ɗaukar hoton fasfo a shago ɗaya, a layin da ke bayan ofishin katin shaida. Shagon bai fi ɗakin gwauro ba. Akwai farin ƙyalle a bango, da kujera marar majingina, da madubi mai tsaga, da matajin da aka ɗaure da zare don kada ya bi wani gida. Akwai kuma wata baƙar kwat a rataye, wadda rabin masu neman aiki a garin sun taɓa sakawa na minti biyu.

Mutanen layin Kada-Ka-Motsa suke ce masa, don tun safe har yamma abin da ake ji daga shagon ke nan.

"Ɗaga haɓa. Rufe baki. Kunne biyu nake son gani. Wa ya ce ka yi murmushi? Kada ka motsa. Ɗaya, biyu, uku."

A ƙarƙashin wannan mulki, malamai da likitoci da dattawan arziki duk sun fito kamar waɗanda aka kama da akuyar maƙwabta. Yana alfahari da cewa ba ofishin da ya taɓa dawo masa da hoto. Gaskiya ne. Ba kuma wanda ya taɓa nuna wa budurwarsa hoton.

A shekara ta talatin da biyun hannunsa na dama ya fara rawa. Mutumin da ya hana gari guda motsi, sai ga shi ya kasa hana yatsunsa. Likita ya ce abin zai riƙa ƙaruwa, wataƙila baɗi war haka riƙe kyamara zai gagare shi. Ya kwana biyu yana tsara yadda zai gaya wa matarsa a hankali.

"Ai na sani, Malam," in ji ta. "Ni nake wanke rigunan da kake zuba wa shayi."

Abin da bai gaya mata ba shi ne, a hanyar dawowa daga asibiti ya lissafa hotunan da ya ɗauka, dubu nawa ne Allah kaɗai ya sani, ya rasa guda ɗaya da zai iya ratayewa a bango ya ce nasa ne. Duk suna cikin aljihun mutane, an buga musu hatimi a kunci. Ya ƙudurta kafin hannun ya gama da shi, sai ya ɗauki guda ɗaya.

Wani direban tifa da ya zo hoton lasisi ne ya ba shi labarin tsuntsaye masu cin ƙudan zuma, waɗanda suka haƙa ramuka a gaɓar kogi, kusa da inda ake ɗibar yashi. Ya ce suna nan har ruwa ya cika kogin, sannan su tashi. Washegari Kada-Ka-Motsa ya rufe shago ya tafi.

Gaɓar ta yi tsayin katanga, duk ramuka kamar rariya. Tsuntsayen kore ne shar, maƙogwaro ja, da baƙin layi ta kan ido kamar an ja musu kwalli. Ɗaya ya zauna a kan busasshen reshe, ya tashi fir, ya cafke ƙudan zuma a sama, ya dawo kan reshen. Ya bubbuga shi a jikin icen, ya goga shi har abin harbin ya fita, sannan ya haɗiye. Ya sake tashi, ya sake dawowa daidai inda ya bari.

Kada-Ka-Motsa ya ji daɗi. Ga mai zuwa hoto wanda ya san kujerarsa.

Kwana na biyu ya zo da farin ƙyallen shago, ya kafa sanduna, ya rataye shi a bayan reshen. Tsuntsayen suka ƙaurace wa reshen har kwana uku. Wani mai zuma, wanda amyoyinsa ke jere a kan bishiyoyin da ke bayan gaɓar, ya sauko yana sosa wuya.

"Mai hoto, ko ka sayar mini da ƙyallen nan? Shekara huɗu ina korar ɓarayin nan da gwangwani, kai ka zo ka kore su da shanya."

Ya naɗe ƙyallen. Tsuntsayen suka dawo. Sai wata matsalar ta fito. Duk lokacin da ya saita kyamara, bakinsa yakan riga shi: "Kada ka motsa. Ɗaya…" Kafin ya kai biyu reshen ya zama fanko. Ya tara hoton reshen nan ta kowace fuska, ba a taɓa ɗaukar ice da kyau haka ba. Daga baya ya koma ɗaure bakinsa da hankici, yana ƙirga a zuci.

"Yanzu ka yi kama da su," in ji mai zuma. "Ɗan fashi ya zo ɗaukar 'yan'uwansa. In ka samu mai kyau ka ba ni, shaida nake nema."

Wata biyu aka yi haka. Kullum ya dawo gida da yashi a takalmi, matarsa ta tambaya, ya ce ba a samu ba. Hadari ya fara haɗuwa da yamma, kogin ya fara tasowa. Hannun ma ya ƙara, har ƙulla ƙafafun kyamara ya zame masa aiki. Ranar da ya kasa, ta yafa mayafi ta ɗauki jakar.

"Mu je in ga kishiyoyin shagon nan da suka hana mu ganinka."

Ta shimfiɗa tabarma a bayansa ta zauna. Daga nan tana hango fuskar kyamarar ta kan kafaɗarsa. Ya danna, hoto ya fito: tsuntsu ya juya gefe, ƙudan zuma a bakinsa, rana ta haska jan maƙogwaron kamar garwashi. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga yatsansa ya tafi wani maɓalli. Hoton ya ɓace.

"Malam, me ka yi?"

Ya zare hankicin. "Na goge. Ya juya gefe. Ido ɗaya ake gani, ga baki a buɗe, ga abinci a ciki."

"Biza zai nema?"

"Aiki aiki ne."

"Nawa ka goge irin wannan?"

Ya yi ɗan tunani. "Za su kai ɗari uku."

Ta dube shi, ta dubi kogin da ya riga ya ci rabin yashin. "Wato wata biyu muna yi maka addu'a, Allah yana amsawa, kai kana gogewa."

Mai zuma, da ya matso ganin baƙuwa, ya zauna a ƙasa yana dariya har da tari. Kada-Ka-Motsa bai ga abin dariya ba. Ya bayyana musu a natse cewa hoto yana da ƙa'ida, kuma ba a kan tsuntsu zai fara zubar da mutuncinsa ba.

A daren aka yi ruwa, aka wayi gari kogin ya kusa taɓa ramukan ƙasa. Tsuntsayen sun ragu, waɗanda suka saura sai kai-kawo suke yi. Ta ce ita dai sharaɗinta ɗaya, in ya taɓa maɓallin gogewa, da kansa zai ɗauko kayansa zuwa gida. Ya ɗaure baki ya zauna. Hannun ya tashi da rigima tun safe, har ya danna sau biyu ba da niyya ba, ya yi tsaki a cikin hankici.

Wajen hantsi wani tsuntsu ya sauka a kan reshen, ya juyo, ya fuskanci kyamarar sosai, baki a rufe. Kada-Ka-Motsa ya riƙe hannun dama da na hagu, ya ƙirga a zuci, ya danna. Ya duba, sai idanunsa suka ciko. Ido biyu, kai a miƙe, ba motsi. Tsuntsun ya fito kamar wanda aka kama da akuyar maƙwabta.

"Alhamdu lillahi," in ji shi.

Ita kuwa ta karɓi kyamarar don sakawa a jaka, ta koma baya ta ga biyun da hannun ya danna don kansa. Ɗaya duhu ne kawai. A ɗayan, tsuntsun yana sama, fukafukai a buɗe, hasken rana ya ratsa gashinsu, ƙudan zuma na gaban bakinsa da tazarar ɗan yatsa. Ta zare katin da hotunan ke ciki ta ƙulle a bakin mayafi.

Bayan kwana biyar ruwa ya rufe ramukan ƙasa, tsuntsayen suka tafi. Tana tsaye a kansa da katin, Kada-Ka-Motsa ya wanke nasa guda huɗu, girman fasfo. Ya sa ɗaya a aljihu, ya kai wa mai zuma ɗaya don shaida. Ita ta kai na tsuntsun mai tashi wani shago aka faɗaɗa shi, ta sa a firam, ta rataye a bangon gefe na shagon mijin. Ya ce tsuntsun ya motsa, kuma ba shi ya ɗauka ba, ciwo ne ya ɗauka.

"To ciwon a hannun wa yake?" in ji ta.

Bai cire ba. Sai dai duk wanda ya zauna a kujera yakan juya kai yana kallon bangon, kunne ɗaya ya ɓace. Bayan mako guda ya gaji, ya hau tebur da kansa, ita tana riƙe masa ƙusa, ya mayar da firam ɗin saman kyamara, daidai inda ake so mutum ya duba.

Yanzu kyamarar tana kan ƙafafunta, yana dannawa da hannu biyu. Mutane suna ɗaga haɓa ba sai an ce musu ba. In wani ya tambaya wa ya ɗauki wancan, yakan ce, "Ni ne. Yana da kurakurai." Sannan ya leƙa kyamara, ya ga fuskar mutumin ta saki.

"Wa ya ce ka yi murmushi?"